Ɗaya Bakin Tarun

A ƙarƙashin Gurbin Kurmau akwai busasshiyar ƙasa, kuma kogin nan da kuke wanka a cikinsa rufin ɗakin wasu ne. Na taka ƙasar da ƙafata. Wanda zai yarda ya yarda, wanda ba zai yarda ba ya je ya jefa taru a wurin da kansa.

Sunana Korau, masunci ne ni. Abokin jan taruna Anaruwa ne, ɗan gwaggona, wato taubashina. Mutum ɗaya ba ya jan taru. Doguwar raga ce mai baki biyu, mutum guda a kowane baki, da dalma a ƙasa don ta nutse. A daidai tsakiyar namu mun ɗaura wani jan gora, don kowa ya san rabinsa. In ana ja, ruwa yakan ture tsakiyar baya, tarun ya yi ciki, mu biyu masu riƙe da baki muna gaba kafaɗa da kafaɗa. Haka na taso na gani, haka kowane masunci ya sani.

Ran nan da hantsi muka shiga gurbin, ruwa iya ƙirji.

"Ja da ƙarfi mana, bawa," in ji Anaruwa daga can. "Ko tuwon jiya ne bai sauka ba?"

"Wa ke bawan wa? Ubana ne ya goyi uwarka."

"Shi ya sa bayansa ya lanƙwashe. Kai ma ga naka nan ya fara."

Yana cikin dariya sai jan goran ya nutse. Na san yadda kifi yake girgiza gora, ba haka ya yi ba. A hankali ya yi ƙasa, kamar wani ne ya sa hannu ya danna shi. Dariyar Anaruwa ta tsaya.

"Korau, saki igiyar."

"Kai ka saki."

"Ta naɗe mini hannu."

Na ga ruwa ya kai masa wuya, ya kai masa baki. A tsaye ya nutse, idonsa a kaina. Na yi ƙoƙarin kwance tawa igiyar, ashe ni ma ta naɗe ni. Aka fizge ni.

Na yi ta tafiya ƙasa har ƙirjina ya nemi fashewa. Can sai ruwan ya ƙare. Ƙafafuna suka fita daga cikinsa kamar yadda mutum zai ɓurmo ta rufin ɗaki, na faɗi tim a kan ƙasa mai tauri, busasshiya ƙarau. Na ɗaga kai. Kogin gaba ɗayansa yana can sama, tsayin rimi daga inda nake, yana gudu gabas kamar kullum, babu abin da yake riƙe da shi. Ina ganin cikin kifaye daga ƙasa. Na ga gindin wani kwalekwale ya wuce. Na yi ihu, muryar ba ta kai ko'ina ba.

Ko'ina randuna ne. Manya, iya ƙirjina, jere layi-layi, kowace da marfin dutse, suna tafiya har inda wani koren hazo ya haɗiye su. Guda ɗaya ce kawai a buɗe, wadda na faɗi a gindinta. Babu komai a ciki, marfinta yana jingine a gefe. Igiyar tarun ta kwance kanta daga hannuna ta sulale cikin ƙasa a gindin wannan randa kamar maciji ya shiga rami, ta bar ɗan kanta a waje. Na ja, ko motsi. Na sa farce in tona, ƙasar kamar ƙarfe.

"Anaruwa," na kira. Shiru.

Sai ga minjiryoyi. Minjirya kifi ce da in ta taɓa ka jikinka zai mutu, kowa ya santa, amma ban taɓa ganin wadda ta kai tsayin mutum ba, kuma ban taɓa ganin tana iyo a iska ba. Suka kewaye ni. Ɗaya ta goge ni da jela a kafaɗa, hannuna na hagu ya zube kamar tsumma. Na gane so suke in yi tafiya. Na tafi.

Suka kora ni zuwa kusurwar filin, inda wata ƙofa take tsaye ita kaɗai babu bango. Wani tsoho yana zaune a bakinta. Gashin bakinsa irin na tarwaɗa ne, dogaye, suna motsi da kansu, idonsa ba shi da marfi.

"Ya kai ɗan tudu, ajiye ƙarfen da ke ƙugunka."

Na ciro wuƙata na miƙa masa. Ya karɓa ya haɗiye ta kamar an ba shi ƙosai.

"Magajiyar Gurbi tana jiranka. Abin da ka gani a hanya, kada ka gaishe shi. Wanda ya yi gaisuwa a nan ya zama ɗan gida."

Na shiga ƙofar. Bayanta wani rami ne mai faɗi cike da baƙin taɓo yana tafasa babu wuta, gadarsa kuwa kadoji ne kwance, kan wannan a jelar wancan. Minjiryoyi suna bayana, ba zancen komawa. Na taka na farko, na ji ƙashin bayansa yana motsi a tafin ƙafata. Ina tsakiya wanda nake kai ya buɗe ido ya juyo da shi sama yana kallona. Ban san lokacin da na ƙarasa ba, sai dai na tsinci kaina a ƙetare, wandona a jiƙe, kuma ba ruwan kogi ba ne.

Gaba kaɗan na iske mata jere suna daka. Taɓare suna sauka a turame, amma ba ka jin ƙara ko kaɗan. Tufafinsu suna ɗigar ruwa. Ta ƙarshen layin ta ɗago kai, sai na ga Tabawa mai fura ce, wadda kwalekwale ya kife da ita tun ina saurayi, ba a ga gawarta ba. Ba ta tsufa ba. Ta yi mini murmushi kamar yadda takan yi in na zo sayen fura. "Sannu da aiki" ta riga ta hau kan harshena. Na cije harshen har na ji ɗanɗanon jini, na wuce. Murmushin ya bar fuskarta, ta koma dakanta.

Magajiyar tana zaune a kan ƙoƙon kan dorina. Fuskarta ƙarama kamar ta yarinya, hannayenta na tsohuwa tukuf, gashinta yana tashi sama yana lilo har ya shige cikin ruwan rufin. Da ta yi magana ban ji da kunne ba, ta ƙafafuna maganar ta hawo.

Na zube ƙasa. Gaisuwa ba dama.

"Ɗan tudu, dalmar tarunku ta tsage mini rufi."

"Ranki ya daɗe, ba da sani muka yi ba."

"Ban tambaye ka sani ba. Ga dokar ƙasar nan, ka ji ta. Duk abin da ya shigo mana yana da baki biyu, ɗaya namu, ɗaya na mai shi. Na zaɓi bakin da ɗan'uwanka yake riƙe da shi, har da abin da ke jikinsa. Kai ba mu da buƙatarka. Tashi, za a mayar da kai tudu."

Gaskiya zan faɗa, gwiwata ta fara miƙewa. Sai na tuna ƙofar gidanmu, da gwaggo zaune a kan tabarma tana jiran a kawo mata kifin miya.

"Ranki ya daɗe, uwarsa ƙanwar ubana ce, kuma tana da rai. Mu biyu ta ga mun fita. In na koma ni kaɗai ban san abin da zan ce mata ba."

"Ka ce ruwa ya ci shi. Ba shi ne na farko ba."

"Ba zan iya ba."

Ta daɗe tana kallona. Idonta ba ya ƙiftawa.

"To saurara, domin ba na maimaitawa. Mun ja tarunku mun ɗaure shi tamau a ƙarƙashin filin randuna. Bakinka ka san inda yake. Tsakiyarsa na bar maka a sarari, jan goranku yana nan. Ɗaya bakin kuwa kai za ka nemo, yana gindin randar da ɗan'uwanka yake ciki. Marfi biyu na yarda ka ɗaga. In ka kuskure na farko, rufi zai sauko. In ka kuskure na biyu, ɗan'uwanka ya zauna, kai kuma randar da ka gani a buɗe taka ce. In ka dace, ƙasa za ta saki tarun, ku tafi ku biyu. Ka karɓa, ko a mayar da kai?"

"Na karɓa, ranki ya daɗe."

Ban rufe baki ba na gan ni a bakin ƙofar nan, gaban tsoho mai gashin bakin tarwaɗa. Ya nuna mini randar da ke kusa da shi da wani yatsa mai santsi.

"Kowace randa tana da tsaga iri biyu, ya ɗan tudu. Na wuya, yawan layukan da ta yi gabas daga ƙofar nan. Na ciki, wato na jikin tumbinta, yawan waɗanda ta yi arewa. Ka bi tsakanin layuka, gabas da yamma, kudu da arewa. Kada ka ratsa a karkace, masu gadina suna kwance a wurin."

Na koma wurin randar da ke buɗe na duba. Tsaga biyu a wuya, tara a ciki. Na ƙirga sau biyu da yatsa. Ban sake leƙa cikinta ba.

Daga nan na shiga neman goran. Hazon ba ya barin ka ga abin da ya wuce randa biyu. Ina tafiya ina jin motsi a cikin randunan, wani kamar ƙarar farce a jikin yumɓu, wani kamar tari, wani kamar yaro yana tsotsar yatsa. A wani layi wata randa ta yi ta kiran sunan wani mutum, Barmo, Barmo, ba ta fasawa. Na toshe kunne ɗaya da kafaɗa na wuce. Can na hango ja a cikin koren hazon. Goranmu ne, a manne da ƙasa a gindin wata randa, da tsohon ƙullin da na yi masa da hannuna. Randar tana da tsaga bakwai a wuya, shida a ciki.

Na tsuguna na yi lissafi da yatsun hannun da ke aiki. Daga biyu zuwa bakwai, na yi gabas layi biyar. Daga tara zuwa shida, na yi kudu layi uku. Rabin tarun ke nan, nawa rabin. Rabin Anaruwa tsayinsu ɗaya, don tare muka auna ranar da muka ɗaura goran. To shi ma biyar gabas, ya kai sha biyu. Wannan ba shi da wuya.

Saura kudu da arewa. Ban ko tsaya tunani ba. Tsakiya tana baya, masu riƙe da baki suna gaba kafaɗa da kafaɗa. Ni ina layi na tara, to shi ma yana layi na tara. Na sauko uku zuwa cikin tarun, sai in hau uku zuwa ɗaya bakin. Har wani ɗan sanyi na ji a raina, na ce ashe abin nasu bai kai yadda suke kurari ba.

Na yi gabas biyar, na yi arewa uku. Sha biyu a wuya, tara a ciki. Na ƙwanƙwasa randar.

"Anaruwa, ga ubangidanka ya zo."

Wani abu ya motsa a ciki. Na sa kafaɗa na ture marfin, ya faɗi.

Wani hannu ya fito ya cafke mini wuyan hannu. Fari fat, fatar ta yi laushi kamar ta kwana a jiƙe. Sai kai ya biyo. Ba Anaruwa ba ne. Wani dattijo ne, kainuwa ta tsiro a gemunsa, ƙananan katantanwa sun manne masa a kunci.

A lokacin rufin ya sauko. Ban ji ƙara ba, nauyi na ji a kunnuwana. Kogin da yake can tsayin rimi ya taho gaba ɗaya ya tsaya a daidai kaina, har gashina ya jiƙe. Wani ƙaton giwan ruwa ya wuce dab da fuskata, idonsa a cikin nawa. Na duƙa. Hasken ya ragu. Kuma na lura bai tsaya cik ba, yana ci gaba da lotsowa a hankali kamar rufin bukka da ya sha ruwa.

"Kai masunci ne," in ji dattijon. Ruwa yana zubowa daga bakinsa da kowace kalma. "Na ji ƙarnin kifi a hannunka."

"Baba, sakar ni."

"Ni ma masunci ne. Ƙanena na zo nema. Fitar da ni, ɗana. Ka ce ni ne naka, ba za su gane ba."

"Baba, don Allah sakar ni."

"Lissafina daidai ne," ya ce, ya ƙara matse ni. "Kullum ina sake yinsa a nan ciki. Na auna daga bakina zuwa tsakiya. Na juyo na hau ɗaya gefen, daidai da inda nake. Taru ciki yake yi, kowa ya sani. Bakunan biyu suna gaba, tsakiya tana baya. To ina kuskuren? Cuta ce suka yi mini. Faɗa mini, ina kuskuren?"

Jin maganata a bakin matacce ya fi hannunsa sanyi. Abin da na faɗa wa kaina a wurin goran ke nan, kalma da kalma. Taru ciki yake yi. To me yake sa shi ciki? Ruwa ne yake ture shi. Na dubi ƙasar da nake tsugune a kai, ƙarau, ko danshi babu. Ruwan yana sama. Babu abin da zai ture tarun a nan. Igiyar da aka ja aka ɗaure tamau a busasshen wuri kuwa miƙewa take yi sambal, kamar yadda muke ɗaure ta tsakanin turaku biyu in za mu shanya. Ashe ba juyowa zan yi daga goran ba. Yadda na zo haka zan wuce. Na yi gabas biyar da kudu uku na iso tsakiya, sai in ƙara gabas biyar da kudu uku. Daga shida in cire uku, saura uku. Sha biyu a wuya, uku a ciki.

"Ba ya ciki a nan, baba," na ce. "A miƙe yake."

Yatsunsa suka saki ɗaya bayan ɗaya.

"A miƙe," ya ce. Ya sake cewa, "A miƙe." Ya koma cikin randar a hankali, ya fara wani kuka da ban taɓa jin irinsa ba, kuma ba na fatan in sake ji. Ban tsaya mayar masa da marfi ba.

Ina layi na sha biyu gabas, don haka kudu kawai zan miƙa. Na fara a sunkuye. Kafin in wuce randa biyu ruwan ya taɓa mini baya, na koma rarrafe da gwiwoyi da hannu ɗaya, na hagun yana jan ƙasa. Minjiryoyi suna kwance a kowace kusurwa, jelarsu tana kaɗawa dab da haƙarƙarina. Duhu ya yi yawa, tsagar ba ta ganuwa, sai na riƙa shafa cikin kowace randa ina ƙirgawa da yatsa. Takwas. Bakwai. Shida. Biyar.

"Korau."

Na daskare. Daga randar da ke gabana muryar ta fito.

"Korau, ƙaton banza, sai yanzu? Buɗe mana, numfashina zai ƙare."

Muryar Anaruwa ce. Ba kama ba ce, ita ce, har da 'yar shaƙewar nan da yake yi in yana jin tsoro yana ɓoyewa. Na rarrafa na rungumi randar.

"Anaruwa, kai ne?"

"A'a, kakarka ce. Buɗe, bawa. Igiyar tana yanka mini hannu."

Na miƙe a kan gwiwa na ɗora tafina a kan marfin. Ruwan rufin ya riga ya kusa taɓa shi, bayan hannuna yana cikin kogi. Kafin in tura, yatsana ya sauko da kansa ya shafa cikin randar. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Na sake shafawa. Huɗu.

"Kana layi na huɗu," na ce.

"To sai me? Lissafi ka zo yi ko ceto? Ka riga ka kuskure sau ɗaya, na ji faɗuwar marfin. Kai da ko kason kifi sai na gyara maka. Ga ni ina yi maka magana, me kake nema kuma?"

Gaskiya ya faɗa, na kuskure sau ɗaya, kuma shi ne yake gyara mini kaso. Na kasa kunne wajen randar gaba, ta layi na uku. Tsit. Ko motsin farce babu.

"Korau, tuna gwaggonka. Wallahi in ka bar ni a nan ba za ta yafe maka ba."

Na rufe ido. Na ce bari in gwada ta wata hanya. In da gaske gora yana tsakiya, to in na haɗa nawa da nasa na raba biyu, dole in faɗo a kan goran. Gabas, biyu da sha biyu, sha huɗu, rabinsa bakwai. Bakwai ne a wuyan randar goran. Arewa, tara da huɗu, sha uku. Sha uku ba ta rabuwa ta ba da shida. Tara da uku, sha biyu, rabinsa shida. Na sake yi da yatsu a kan gwiwata. Shida.

"Ba kai ba ne," na ce.

"Korau. Ɗan kawu. Kada ka yi mini haka."

Kuka ya fara, kukan Anaruwa, wanda sau ɗaya na taɓa ji, ranar da aka binne ubansa. Na janye hannuna daga marfin. Ban taɓa ɗaga abu mai nauyin wannan hannun ba. Na rarrafa gaba yana kirana, yana zagina, yana roƙona, duka a haɗe.

Sha biyu a wuya. Uku a ciki. Na ƙwanƙwasa, ba amsa. Na lalubi gindinta ko zan ji kan igiya, ban ji komai ba sai ƙasa. Ruwan ya rufe saman marfin, ba wurin sa kafaɗa. Na ja numfashi, na cusa kaina cikin kogin da ke sama, na miƙe tsaye a cikinsa, na kama gefen dutsen da hannu ɗaya na tura da ƙirji. Ya ƙi. Na sake turawa har na ji wani abu ya ɓalle a kafaɗata. Ya goce.

Na zura hannu. Na taɓa kai, na taɓa kunne, na shafo fuska. Ido a buɗe, baki cike da laka har leɓe, shi ya sa bai iya amsawa ba. Na bi kafaɗar zuwa hannu, na ji igiyar taru naɗe a jikinsa, ta ɓullo ta gindin randar. Yatsunsa suka kama nawa.

Ƙasa ta tsage. Na ji tarun yana ɓallowa daga ƙarƙashin filin, randuna suna karo da juna, rufin ya zubo gaba ɗaya. Na rungume Anaruwa da hannu ɗaya da ƙafafu biyu. Igiyar ta fizge mu sama. Muryar randar huɗu ta biyo mu cikin ruwan, har yanzu da sunana a bakinta, sai dai ta daina kama da ta kowa.

Muka ɓullo a tsakiyar gurbin, rana tana nan inda muka bar ta. Na ja shi da haƙora da hannu har gaɓa. Na kwantar da shi rub da ciki, na sa yatsa ina ƙwaƙulo lakar daga bakinsa, ina dukan bayansa. Ya daɗe bai motsa ba. Can ya yi wani tari, baƙin taɓo ya zubo, ya ja iska da ƙara kamar an buɗe tsohuwar ƙofa.

Muka zauna a kan yashi. Tarun yana yawo a kan ruwa, babu wanda ya kalle shi.

"Na ji shi," in ji Anaruwa daga baya, muryarsa a dishe. "Na randar da ke kusa da ni. Da bakina yake magana."

"Na sani."

"Ina jinka ka tsaya a wurinsa. Ka daɗe."

"Na daɗe."

"Ka taɓa marfin?"

"Hannuna yana kai."

Ya gyaɗa kai. Ya dubi wuyan hannunsa inda igiyar ta yanke shi, ya dubi nawa hannun da ke rataye. Na jira ya tsokane ni, bai yi ba. Wata 'yar igiyar ruwa ta taho ta lashi yashin kusa da ƙafarsa, ya janye ƙafar da sauri.

"Korau, mu ƙara matsawa sama."

Na kama shi muka tashi, muka hau gaɓar. Da muka kai inda ciyawa ta fara muka zauna. Jim kaɗan ya waiwaya ya dubi ruwan, ya dube ni, muka sake tashi.